Littafin Aivar

A Tallinn, hawa na huɗu, ta tagar da ke kallon tashar jiragen ruwa,
rana takan faɗi kafin shayin la'asar ya huce.
Rumbunan manhaja talatin da ɗaya gare mu,
kowanne da al'adarsa, kamar gidajen da ba su taɓa haɗa tukunya ba.
Wannan yana son tazara biyu a farkon layi,
wancan ya rantse sai huɗu,
na can ƙurya kuwa ba mai taɓa shi tun da Kaido ya koma Tartu.

Duk wanda aka ɗauka aiki, Aivar ake miƙa wa.
Kwana uku yakan zauna da kai, da littafinsa mai baƙin bango
wanda kofi ya zana wa taswira a gefe.
"Sa wannan. A'a, sigar da ta gabace ta.
Goge layin nan. Kada ki tambaye ni dalili,
dalilin ya bar kamfanin nan shekara shida ke nan."
A kwana na biyu na yi kuka a banɗaki.
A na uku ya gutsura mini baƙin burodinsa da kifi a kai,
ya nuna mini ƙofar da ke cijewa sai an ɗaga ta.

Da likita ya ce idanunsa sun gaji,
ya ce to, bari ya juye littafin cikin fayil.
Wata biyu yana yi, hanci kusa da allo.
Ya tattara saitin kowa wuri guda,
ya haƙa rijiya ɗaya, ya rataya guga talatin da ɗaya.
A gyara a nan, gobe kowa ya sha gyararre.
Mun yi rigima a kan tazarar nan har Priit ya daina gaishe ni;
aka jefa ƙuri'a, huɗu ta faɗi,
ba wanda ya mutu.

Wata Litinin kuma waƙafi ɗaya ya ɓace a rijiyar,
rumbu talatin da ɗaya suka yi ja lokaci guda.
Wake ɗaya, ka ji, gari duka.
Aivar ya cire tabarau ya ce, "Da can sai mu yi wata muna neman sa.
Yau ga shi yana ihu."

Triin Mõttus ce ta fara gwada umarnin.
Layi ɗaya ta buga, ta naɗe hannu.
Na'ura ta yi gudu, ta yi gudu, ta zo kan sunanta ta cije:
ba ta san harafin nan mai lanƙwasa a ka ba.
Aivar ya yi dariya har ya yi tari.
Shi ne gyaransa na ƙarshe, ranar Juma'a,
kek ɗin sallama yana jiran sa a kan firinta.

Yau wani yaro ya zo, Joosep, jakarsa duk ƙanƙara.
Minti tara. Komai kore.
Ya juyo yana dubanmu, kwamfutarsa a shirye,
kujerar gefensa babu kowa.
Kwana ukun nan da muka ceto,
ban san a wace aljihu muka sa su ba.

Sai ya ƙura wa allon ido, ya karanta a hankali
layin da ban san Aivar ya bari ba:
"An gama. Yanzu tashi ka tambayi wani inda ake ajiye cokula."

Ya tashi. Ni ce mafi kusa.
Na lalubi wuƙa, na jawo burodina.