Ranar Talata, Bayan Lantarki

Na farka da ɗanɗanon roba a baki,
muƙamuƙina na ciwo
kamar na kwana ina taunar tsakuwa.
Wata mai farar riga ta ce, "Ludwik, an gama."
Na ce, "An gama me?"

Ta taga ina hango ƙugiyoyin ɗaga kaya,
sun sunkuyar da wuya bisa ruwan Gdańsk
kamar zalɓe na dakon kifi.
Su na san su.
Shekara talatin na yi walda a ƙarƙashinsu.
Amma yadda na zo ɗakin nan da safe,
da wanda ya ɗaure mini igiyar takalmi,
babu.
An wanke allon, ko ɗigon tawada bai rage ba.

Jagoda, 'yata, na zaune rungume da rigar sanyina.
Na tambaye ta ƙarfe nawa.
Ta faɗa.
Na tambaye ta ƙarfe nawa.
Ta faɗa, murya ɗaya, ba ƙosawa.
A idonta na karanta cewa
wannan ne karo na huɗu.

Kai na sarawa daga ƙeya.
Zuciya na tashi, shayin ya huce a hannuna.
Cinyoyi sun yi tsami
sai ka ce dukan dare tsani nake hawa.
Likita ya ce ciwon zai tafi kafin yamma,
abin da ya ɓace kuma
zai riƙa dawowa ɗaya-ɗaya
kamar kaji in rana ta faɗi.
Bai ce duka ba. Na lura bai ce duka ba.

Wata bakwai ina kwance, fuska ga bango,
duniya ta zame mini tuwo ba miya,
har muryar jikata ba ta iso ni.
Wannan ban manta ba.
Da shi wutar ta ɗauke, da na yafe mata sauran.

A motar haya, kusa da tsohuwar kasuwa,
wani ya shigo da burodi mai zafi a takarda.
Na ce, "Jagoda, yunwa nake ji."
Ta juya ga gilashi,
kafaɗunta na rawa.

Har yanzu sunan karen maƙwabci bai zo mini ba.
Ran Juma'a za mu koma.
Ta rubuta mini a tafin hannu da biro,
kuma ban wanke ba.