Kunya Tara a Bayan Aji

A ƙauyen da ke gefen tafkin Titikaka,
inda tsayin ƙasa ke rage wa baƙo numfashi,
rana ta ƙona goshi, inuwa ta ciji dunduniya,
akwai makaranta mai aji biyu da rufin kwano.
Malama Nelida ke riƙe da alli.

Shekarar da dutse ya zabtaro ya toshe hanya,
kwana goma sha tara mota ba ta hauro ba.
Kantin Eusebiyo ya yi fayau,
sai ashana da kyandir da igiyar takalmi.
Yaran da suka tashi da taliyar leda
suna zaune, an zana musu sarƙar abinci a allo,
kibiya na bin kibiya,
ba ko loma a ƙarshen kibiyar.

Malama ta ajiye alli.
Ta haura gidan tsohuwa Saturnina,
mai ɓoye iri a ƙullin mayafi
yadda wasu ke ɓoye zinariya.
Tsohuwa ta kwance, ta baje a kan bargo:
dankalin nan da aka laƙaba wa Turawa,
alhali a tsaunukan nan aka binne cibiyarsa.
Ga baƙi wuluk, ga ja, ga mai zanen kyanwa,
ga mai ƙulle-ƙulle, gwanin gwada haƙurin mai feraya,
ga mai ɗaci, sai sanyin dare ya lallashe shi,
a tattake da ƙafa, a shanya, ya shekara biyar bai ruɓe ba.
Talatin da ɗaya, kowanne da sunansa.
Yara sun san sunan biyu.

Ranar Laraba aka fita da shebur.
Tsohuwa ta ja layi da sandarta:
a tada kunya ta kai ƙugun yaro,
a haƙa kwari a gefe, a saki ruwa ya kwanta.
Ta ce, ruwa ma'aji ne,
yana karɓar ajiyar rana da yini,
ya mayar wa shuka da dare, bai ci ko kwabo ba.

Baban Wilber ya zo da hula a hannu, rai a ɓace.
Ya ce, na kawo shi ne ya tsere wa fartanya,
ga shi kun dawo min da shi da laka har gwiwa.
Malama ba ta yi musu ba.
Ta miƙa wa Wilber ma'aunin zafi da littafi,
ta ce, kullum asuba, rubuta abin da ka gani.

Daren ya zo a watan Fabrairu.
Sama tas, taurari kamar an watsa gishiri,
karnuka ma sun yi shiru.
Da gari ya waye, gonakin fili sun yi baƙi,
ganye ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.
Wilber ya ruga bayan aji, takalmi ɗaya a ƙafa.
Hazo na tashi daga kwari, siriri, kamar numfashin saniya.
Kunya bakwai na tsaye, kore shar.
Biyu na bakin katanga sun tafi,
nan ne aka yi ƙyuya wajen haƙa.
Ya rubuta wannan ma.

Ba a yi biki ba. Buhu shida aka samu.
Huɗu suka shiga tukunyar makaranta,
ɗaya aka raba iri gida-gida,
ɗaya aka mayar wa tsohuwa,
ta ƙirga, ta ce saura na mai zanen kyanwa.

An buɗe hanya tuntuni, taliya ta dawo kanti,
yara ba su daina sonta ba.
Amma jiya da magariba
an ga baban Wilber a bayan aji, shi kaɗai,
ya zura sanda cikin kwari,
ya ciro, yana auna jiƙaƙƙen wurin da taƙinsa.