Aron Hannu

A Grimsby ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Na tashi aikin dare, ido kamar an watsa yaji,
Mista Thurlby na ɗaki na tara
ya tare ni da kan sandarsa:
"Ɗanlami, ara mini hannunka."

Kwali ne a cinyarsa, kusurwoyin duk sun cinye,
an zana jirgi yana keta gajimare.
Ciki kuwa ba jirgi,
sai ƙasusuwan roba masu ruwan toka
maƙale da juna kamar ƙayar kifi.
Ɗari da sha huɗu ne, in ji shi,
ya ƙirga su tun hannu bai fara yi masa gardama ba.
Yanzu in ya ɗauki shayi
rabi na faranti ne.

Shi ido, ni yatsu.
Na yanke da reza, na goge da samfefa,
yana leƙe ta saman tabarau:
"Gam kaɗan. Kaɗan na ce!
Ba bango kake yaɓe ba."
Ni da na ɗaga ƙarti daga gado zuwa kujera,
ga ni ina zufa
a kan kujerar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba.

Ran Laraba matuƙin ya tsere daga hantsaki,
kafet ya haɗiye shi.
Na yi rarrafe har ƙarƙashin gado,
na samo maɓalli, da ƙwayar magani, da sulen da ya daina ci.
Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Bar shi, ya yi ritaya."

Sai da fiffike ya kama jiki
na karanta sunan a gefen kwali: Dakota.
Na ajiye buroshi.

Kakana, Saje Barmo, ya je yaƙin Bama.
In ya zauna bakin zaure yakan ce
a can dawa abinci daga sama yake saukowa,
buhun shinkafa da laima a kansa,
wani ya faɗa fadama, wani ya fashe a reshe,
su bi da hula suna tsince.
Mu kuwa mu ƙyafta wa juna ido,
mu ce tsufa ya fara taɓa Saje.
Dakota, yake cewa, Dakota,
muka ɗauka sunan wata ce da ya baro a can.

Na faɗa wa Mista Thurlby.
Bai ce komai ba.
Ya daɗe yana juya farfela da ɗan yatsa mai rawa,
sannan ya ce mahaifinsa injin yake gyarawa,
bai taɓa tashi ba ko sau ɗaya,
bai kuma taɓa sanin wa ke ƙasa yana jira ba.

Mako uku muka yi.
Fentin kore ya yi kauri a bindi,
tambarin hagu ya yage cikin ruwan ɗumi,
muka haɗa shi a karkace.
A fiffiken dama, inda gam ya tsere mini,
zanen babban yatsana ya zauna daram.
Na ce in kankare. Ya ce kul.

Takarda ta ba da zaɓi a shafin ƙarshe:
ƙofar kaya, a rufe ko a buɗe.
Ya dube ni.
Na ce a buɗe.

Na hau kujera na ɗaure shi da zare a silin,
kusa da taga, inda ake hango teku in hazo ya yarda.
Kafin in sauko na laluba aljihu,
ƙwayar shinkafa uku da na ɗebo a kicin,
na tura su ciki da hantsaki.

Jirgi ba matuƙi,
yana juyi a hankali duk sanda aka buɗe ƙofa.
Jiya ina shara na tsinci ɗaya a ƙasa.