Ruwa a Dama, Ƙasa a Hagu

Kwana hamsin da uku gidana na kan gadon bayana:
tanti, ɗan risho, safa uku,
buroshin da na datse wa ƙota don ya rage nauyi.
Daga Minehead na kama gaɓar teku,
ruwa a dama, ƙasa a hagu,
na ƙare a Poole babu farce biyu,
bakina ya manta yadda ake doguwar hira.

Yau ga ni a Southampton tsakiyar akwatuna tara.
Mama ta ƙirga su sau uku.
Yaya Zuwaira ta rungume takardun kowa a ƙirji,
Ashir na jan hannuna:
Anti Murja, wai da gaske ana iyo a kan rufi?
Wani mai farar riga ya miƙo hannu zai karɓi jakata.
Na ƙanƙame ta.
Kafaɗa ta saba da kaya,
in aka sauke, sai ta rasa yadda za ta tsaya.

Wannan ai unguwa ce aka kwance daga tudu,
bene goma sha biyar, har da kanti da mai aski.
Ni da na raba biskit ɗaya gida biyu
a bayan katangar tumaki, ruwa na tsuga,
ga ni gaban tebur mai tsawon layin kasuwa,
faranti a hannu, na kasa zaɓa.
Mama ta buɗe jakar hannu a ɓoye,
ta barbaɗa mana yajin da ta daka a Leicester.
Kifin nan, in ji ta, ba a yi masa tarbiyya ba.

Da dare katifa ta haɗiye ni, barci ya ƙi.
Na sauko ƙasa tsakanin gado da ƙofar wanka,
na yi matashi da takalmina.
A can ƙasa injin na gurnani.

Asuba, Baba ya ƙwanƙwasa, darduma a kafaɗa.
Alƙibla ta gudu, ya ce, jiya tana wajen taga.
Na ciro kamfas ɗin da ya fid da ni daga hazo sau biyu,
na ɗora a tafin hannunsa.
Karo na farko da kayana suka yi wa wani amfani.

Muka fita zagayen bene, shi da gwiwarsa ta direban bas,
ni da ƙafar da ba ta jin tsaya.
Zagaye uku mil ɗaya ne.
Na riƙa jiransa a kowace kwana
har na daina jira, na koyi takunsa.

Da hantsi aka ce a duba dama.
Ga Cornwall can, siririya kamar zaren da ya zame daga allura.
Duwatsun da suka ci mini mako biyu da hawaye
sun wuce kafin shayin Mama ya huce.

Nuna mini inda kika kwana, ta ce.
Na nuna wani ɗigo, ban ma tabbata shi ne ba.
Ta daɗe tana kallo, hannu a goshi.
Duk daren da ba ki kira ba, ina zaune.
Ba ta ƙara ba.
Ta ja kujerar shan iska, ta ɗora ƙafata kan cinyarta
a gaban Turawa da tawul ɗinsu,
ta buɗe gwangwanin man kaɗanya,
tana bin kanta ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa,
Ashir na ƙirga yatsuna, yana neman farcen da suka ɓata.