Rediyon Baba Moro

Ni mai gyaran rediyo ne a Aboabo.
Shagona taku uku, bencina taku biyar,
shi ya sa magana ta fi kaya samun wurin zama.

Kwana tara rediyon Baba Moro na kan teburina,
ciki a buɗe kamar ragon Layya.
An ɗauke wuta tun hantsi,
dalma ta daskare a bakin ƙarfe,
sai bakunan mutane suka kama tasha.

Fuseni direban trotro ya fara,
yana soka wa sama makullin mota:
"Man da na sha da asuba
bai kai ni Kejetiya sau uku ba.
Mun yi musu layi cikin rana,
mun ba da yatsa an shafa tawada,
sun hau, sun ja gilashi."

"Naka mutanen fa?" in ji Gariba tela,
allura a gefen leɓe.
"Da suna kan kujera, kwatar gidanku ta san su?
Wanda ya ci bashi ya yi biki
shi ke zagin mai wanke tukwane."

Ɗan'azumi ya tafa hannu don su ji shi:
"Ku ajiye jam'iyya tukuna.
Motata na kan iyaka, buhu ɗari biyu daga Galmi,
an ce daji ba lafiya, a jira rakiya.
Albasa ba ta san juyin mulki ba,
ruɓewa kaɗai ta iya."

Mubarik bai ɗaga kai daga waya ba.
Da ɗan yatsan ƙafa ya zana duniya a ƙasa:
nan masu alkama, nan masu jefa musu wuta,
nan jirgin ruwan da bai taso ba,
shi ya sa burodin Kumasi ya rame.
"Mu kuwa soja ne maganinmu.
A ba su wata shida,
ku ga sidi ya miƙe kamar sanda."

Duk wannan, Baba Moro na ɓare goro.
Ya ci rabi, ya mayar da rabi aljihu.
"Yaro, ka san warin gari
kwana uku bayan an daina harbi?
Na yi gadin wata gada a Laberiya.
Wata mata ta miƙo mini jaririnta,
ta ce in riƙe, ta ɗebo ruwa.
Har yau ina riƙe da shi."

Ba wanda ya yi tari.
Can Gariba ya cire allurar daga bakinsa.

"Kuna zagin gwamnati da rana tsaka,
ku koma gida ku ci tuwo.
Ba ya cika tukunya, na sani.
Amma kada ku sayar da shi da araha."

Lariba mai koko ce ta fasa shirun,
littafi a hammata, ludayi a hannu:
"Majalisa ta zauna? To ga ministar kuɗi.
Fuseni, sidi goma sha biyu.
Gariba, takwas, ban da ƙosai.
Kai mai son soja, tun ƙaramar Salla.
Gero ya hau, gawayi ya hau,
ban ga wanda ya yi zanga-zanga a bakin murhuna ba."

Kowa ya shiga laluben aljihun da ya san ba komai.

Sai yaran layi suka yi ihu: an kawo wuta.
Na ɗiga dalma, na haɗa jar waya,
rediyon ya yi kaki, ya buɗe baki da Asantanci:
wasu mutum biyu a wani ɗaki mai sanyi
suna yi wa juna tsawa kan farashin mai.

Baba Moro ya saurara kaɗan.
"Kashe shi," ya ce. "Namu ya fi.
Waɗannan biyun," ya nuna Fuseni da Gariba,
"ko sun wuni suna cin naman juna,
na san kafaɗar da za ta ɗauki makarata:
ɗaya gaba, ɗaya baya,
suna gardama kan wace hanya ta fi kusa."