Kwana Uku a Tantin Wangdu

Iskar tsaunin nan ba ta cika ƙirji.
Na iso ina haki kamar mai bin bashin numfashi,
Wangdu ya danne karensa da hannu biyu, na shige.

Baƙin tanti, saƙar gashin yak,
hayaƙin kashin shanu na laluben ƙofa ta sama.
Yangdol ta miƙo shayi mai gishiri da man shanu.
Na shanye don kunya, ta cika.
Na shanye, ta cika.
Sai a na biyar na gane:
a nan, ƙoƙon da ba komai roƙo ne.

Ba mu da harshe ɗaya.
Kowa ya gifta, "sannu" nake cewa,
har autarsu Metok ta ɗauka sunana ne.

Dare na uku dusar ƙanƙara ta sauko,
saniya ta haihu a bayan dutse.
Ni na riƙe fitila, hannuna na ɓari,
Wangdu ya cusa maraƙin cikin rigarsa, jiƙe, yana tururi.

Da safe na ɗaure jaka.
Metok ko kallona ba ta yi ba.
Tana can tana jan kunnen maraƙin,
tana kiransa Sannu.