Littafin da Aka Yage Bayansa

Aikina jan tarago a tudun Balfaraiso,
ɗaya na hawa, ɗaya na gangara,
igiya guda ta ɗaure su kamar masu bin juna bashi.
Shekara ashirin da shida ina murɗa ƙarfe ɗaya.

Wata Laraba aka manta littafi a kan benci.
Na lissafi ne, ruwan teku ya ci gefensa,
shafukan amsa kuwa an yage su tas,
ƙila an naɗe kifi da su a bakin tasha.
Na ajiye shi wata biyu, ba wanda ya zo cigiya.

Tambaya ta tara ta ce: tara ɗaya da uku,
ƙara biyar, ƙara bakwai,
ka faɗi abin da ka gani.
Na ga huɗu, na ga tara, na ga sha shida.
Gani ba wuya.
Dalilin ne ya ƙi ni.

'Yata Isidora ta ce, "Baba, kawo in duba a waya,
ko minti ba zai kai ba."
Na ce bari.
Ni da nake hawar da mutane tudu a zaune
na fi kowa sanin abin da ƙafarsu ta rasa.

Dare goma sha ɗaya ina cika bayan tikiti.
Na yi zato uku, duka suka karye.
Sau ɗaya na manta kaɗa ƙararrawa,
Fuljensiyo ya yi ta ihu daga tashar ƙasa.

Ran na sha biyu, a shagon Herminiya,
tana share marafan kwalba, na ce ba ni.
Na ajiye ɗaya a tebur.
Uku suka rungume shi kamar gwiwar hannu: murabba'i.
Biyar suka rungumi huɗun: murabba'i.
Bakwai ma haka.
Ashe kowace sabuwar gwiwa sai ta fi ta baya da biyu,
don kowane hannu ya ƙaru da ɗaya!
Shayina ya huce. Na yi dariya ni kaɗai
har Herminiya ta taɓa goshina.

Na san wani ya riga ni da shekara dubu biyu.
To, sai me?
Tudun nan ma an riga ni hawa,
amma hakin da nake yi nawa ne.

Gobe taragon farko ƙarfe bakwai.
Marafai sha shida na kacau-kacau a aljihuna,
tambaya ta goma kuma
ko hancinta ban gane ba tukuna.